Batir mai caji a kyamarar daji: me ya sa take macewa da dare?

Maharbin_Kujama:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da kyamarar nan ta daji, irin wadda ake ɗaurewa a jikin bishiya ta riƙa ɗaukar duk abin da ya gifta ta gabanta. Ƙanena ne ya kawo mini ita, tana cin batir AA guda 8, irin na agogon bango. Na kafa ta a bakin wani rafi bayan gonarmu don in gane hanyar da gada da gyazbi suke bi zuwa ruwa kafin mu shiga farautar rani. To kuɗin batir ya ishe ni, sai na sayi masu caji da cajarsu. Abin da ya ɗaure mini kai, na cika su taf, ina sawa sai kyamarar ta nuna rabi. Da rana tana ɗauka lafiya lau, amma hotunan dare duk baƙi ƙirin, wani lokaci ma a mace nake tarar da ita. Batiran ne jabu ko kyamarar ce ba ta shiri da mai caji? Wanda ya sani ya taimaka don Allah.

Ɗan_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Malam, nawa aka rubuta a jikinsu?

Maharbin_Kujama:
4800mAh. Mai shagon ya ce su ne mafi ƙarfi a wurinsa.

Ɗan_Rigasa:
To ka yi haƙuri, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Shi mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne, kuma babu batir AA mai caji da ke ɗaukar 4800. Na ƙwarai daga wajen 1900 ne zuwa 2500, in an matsa ƙwarai a ga 2700 ko 2800. Duk abin da ya haura haka tawada ce kawai.

Injiniya_Panteka:
Ɗan_Rigasa ya faɗi gaskiya, amma matsala biyu ce ta haɗu a nan, kada a cakuɗa su.

Maganar nuna rabi daban take, kuma ko na asali ka saya za ka iya ganin haka. Batirin da ake yarwa in ya ƙare, wato alkalin, 1.5V ne yana sabo, daga nan yake ta sauka a hankali har ya mutu. Mai caji irin NiMH kuwa 1.2V ne. Yana fitowa daga caja zai nuna wajen 1.4, ba da jimawa ba ya sauko 1.2, sai ya zauna a nan kusan har ƙarshen cajinsa. Ita kuma kyamara yawanci da alkalin aka auna mata ma'aunin batir. In ta ga 1.2 sai ta ɗauka alkalin ne da aka ci rabinsa. Ke nan ma'aunin ne ke yi maka ƙarya, ba lallai batirin ba.

Inda abin yake zama matsala shi ne jimla. Kyamarori da yawa masu cin 8 layi biyu ne a ciki, huɗu huɗu, kowane layi 6V da alkalin. Da mai caji ya koma 4.8V. Wasu kuma takwas ɗin a jere suke, 12V ya koma 9.6V. Akwai kyamarar da ba ruwanta, akwai wadda da ƙarfin ya ɗan sauka ƙasa da haka sai ta hana fitilar dare kamawa don ta ceci kanta. Da rana ba ta jan wuta sosai. Da dare kuwa sai ta kunna ƙwayayen fitilar nan masu hasken da ido ba ya gani, a nan ne jan wutar ke ninkawa sau da yawa. Batir mai rauni sai ya durƙusa a daidai lokacin, hoto ya fito baƙi, ko ta mutu gaba ɗaya. Naka kuwa ga 1.2 ga jabu, ai dole.

Ka duba cikin saitinta. Wasu suna da wurin zaɓen irin batir. In akwai, ka mayar da shi NiMH.

Maharbin_Kujama:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Na duba saitin kaf, babu wurin zaɓen batir a tawa. To yaya zan tabbatar jabu ne kafin in koma wa mai shagon?

Injiniya_Panteka:
Ka ɗora ɗaya a kan ƙaramin sikeli, irin na masu sayar da zinariya ko na kicin. Mai 2000 na gaskiya yana kai giram 26 zuwa 27, mai 2500 wajen 30. In ka ga naka bai kai 20 ba, cikinsa fanko ne. Ko a hannu ma za ka ji bambanci in ka riƙe su tare da na ƙwarai.

Bazazzagi_Samaru:
Ni fa ban ga dalilin wahala ba. Akwai wasu masu caji girmansu ɗaya da AA, an rubuta 14500, su 3.7V ne. Tunda ƙarancin ƙarfi ne matsalar, ya sa su mana, ai sun wuce 1.5 nesa ba kusa ba.

Injiniya_Panteka:
Kai! Bazazzagi, don Allah kada ka sa a ƙona wa bawan Allah kyamara. Huɗu a jere 14.8V ke nan, in cike suke 16.8, a wurin da aka tanadar wa 6V. Kafin ya rufe murfin an gama. Girma ɗaya ba ya nufin abu ɗaya. Wannan na tocilan da aka ƙera dominsa ne.

Bazazzagi_Samaru:
To ranka ya daɗe, na janye. Amma a tocilata dai suna aiki.

Hajiya_MaiKaji:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba mafarauciya ba ce, kaji nake kiwo a wajen Rigachikun, na sa irin wannan kyamarar a bayan ɗakin kaji saboda tsaki suna ɓacewa ana ta zargin yaran maƙwabta. Ashe tunku ne, ta ƙarƙashin waya yake shigowa da asuba. Abin da nake amfani da shi batir ne mai caji amma 1.5V, irin wanda ake soka wa wayar caji a jikinsa kamar wayar hannu. Kyamarar tana nuna cike, hotunan dare fes. Aibinsa ɗaya, ba ya gargaɗi. Yau ka ga cike, gobe ka zo ta mutu murus. Ni da yake a gida take ba damuwa, amma mai tafiya daji ya san da haka.

Injiniya_Panteka:
Haka ne Hajiya. Litiyam ne mai 3.7V a ciki, da wani ɗan ƙaramin allo da ke sauko da shi zuwa 1.5 daidai. Shi ya sa kyamara ba ta gane yana ƙarewa, har sai allon ya yanke wutar. Kuma a kula da rubutun jikinsu, su da mWh suke rubutawa ba mAh ba. In ka ga 3000mWh ka raba da 1.5, 2000mAh ke nan. Ba wai ya fi sauran girma ba ne, lambar ce ta fi cika ido.

Baba_SarkinBaka:
Ikon Allah. Yanzu har farauta ta koma ta batir. Mu da muka tashi, sawu muke bi, mu duba kashin dabba mu san ko jiya ta wuce ko shekaranjiya, mu ga inda beguwa ta yar da ƙaya, mu ga ciyawar da gyazbi ya datsa a karkace. Ba a taɓa cewa sawu ya ƙare caji ba. Amma tunda kun zaɓi haka, ga abin da zan faɗa wa ɗana na Kujama. Duk zuwan da ka yi gindin bishiyar nan don canjin batir, warinka kake bari. Gada ba wawa ba ce. In ta sunsuni mutum a mashaya sau biyu sau uku, za ta sake hanya, kai kuma ka zauna kana kallon hoton biri. Ko me za ka saya, ka sayi wanda zai hana ka yawan zuwa.

Maharbin_Kujama:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi na lura da haka, makon farko ne kawai na ga gada a hoto, daga baya sai zomo da fakara. Ban kawo zirga-zirgata ce ba.

Ɗan_Rigasa:
Baba ya zo yi wa kyamara ba'a, ya ƙare da ba da shawarar da ta fi ta kowa.

Baba_SarkinBaka:
Yaro, ba'ar tana nan ban janye ba.

Alhaji_Barnawa:
In dai daɗewa ake so kamar yadda Baba ya ce, ni na daina wahala da caji. Energizer Ultimate Lithium nake sawa, wanda ba a yi masa caji. Ba shi da nauyi, ba ya zubar da ruwa, kuma yana kai ni watanni. Duk bidiyon mafarautan Amurka da na kalla shi suke yabo.

Malamin_Gandu:
Alhaji, batirin yana da kyau, ba musu. Sai dai a san babban dalilin da ya sa su suke nace masa. Farautar barewarsu a kaka da hunturu ake yi, ƙanƙara na zuba, sanyi yana sauka ƙasa da sifili. A irin wannan sanyin alkalin ba ya kataɓus, shi kuwa wannan kamfanin ya ce yana aiki har digiri 40 ƙasa da sifili. Mu a Kaduna ko a tsakiyar hunturu ruwa ba ya daskarewa a randa. Abin da ke damunmu zafi ne na Maris da Afrilu, da ƙura, da laimar damina, da jabun kaya, da rashin wutar caji. Saboda haka ba duk abin da suka ce ne zai zauna mana daidai ba.

Zafi kuwa yana da ruwa da tsaki a maganar masu caji. NiMH na gargajiya ko ba a amfani da shi yana zubar da cajinsa da kansa, kuma zafi na ƙara masa sauri. Wanda ya dace da kyamarar daji shi ne irin mai riƙe caji, kamar Eneloop na Panasonic. Kamfanin Sanyo ne ya fara fito da shi a 2005. Farin wajen 2000mAh ne, baƙin da ake kira Pro wajen 2500. Mutane suna rububin baƙin saboda lamba, amma farin ya fi jure yawan caji kuma ya fi riƙe cajinsa in an bar shi. Ni farin nake ba ɗalibai shawara.

Alhaji_Barnawa:
Na ji Malam, amma kai ma ka san samun na asalin aiki ne. Kuma in aka haɗa kuɗin saiti biyu da caja mai kyau, ba ƙaramin kuɗi ba ne a tashi ɗaya.

Malamin_Gandu:
Gaskiya ne, a tashi ɗaya yana da ciwo. Amma naka duk ranar da ya ƙare sai ka sake zaro kuɗin takwas. Mai kyamara ɗaya da ke kafa ta wata biyu a shekara, naka ya fi masa sauƙi. Mai kyamara uku da ke aiki rani da damina, lissafin ya juya.

Injiniya_Panteka:
Kuma don Allah kada wani ya ga an rubuta litiyam a irin na Alhaji ya jefa shi a caja. Ba a yi masa caji, zai iya fashewa.

MaiSola_Kawo:
Duk kun kewaye maganin kun bar shi. Ku duba ƙasan kyamarar, yawancinsu akwai wata 'yar kafa da aka toshe da roba, an rubuta DC 6V ko DC 12V. Wannan ta wutar waje ce. Ka samu ƙaramin farantin sola irin mai batir a cikinsa, ka jona, ka bar AA ɗin a ciki su zama na ko-ta-kwana. Rana muke da ita har ta yi yawa. Farantin ya kalli kudu, a ɗan kishingiɗa shi kamar digiri 10 zuwa 15, tunda Kaduna wajen digiri 10 da rabi take arewa da tsakiyar duniya. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana takan ɗan karkata arewa, shi ya sa ba a miƙar da shi tsaye. Kishingiɗar kuma tana sa ruwan sama ya wanke shi.

Ɗan_Rigasa:
Mai sola dai ko ciwon kai ka kawo masa sai ya ce a sa faranti.

Maharbin_Kujama:
Na duba, tawa 6V aka rubuta. Amma MaiSola, wurin da na kafa ta duhuwa ce, bakin rafi ne, rana ba ta sauka sai tsakar rana kaɗan.

MaiSola_Kawo:
Sai a ƙara tsawon waya a kai farantin sama inda reshe ya buɗe.

Manomin_Kajuru:
A nan ne zan saɓa da kai MaiSola. Na gwada, ba labari aka ba ni ba. Na farko, faranti yana ƙyalli, tun daga nesa mai kiwo ko mai itace zai hango shi, kuma wanda ya ga faranti zai bi waya har kyamara. Kyamarar da ka wahala ka ɓoye, kai da kanka ka kafa mata tuta. Na biyu, waya a daji abincin kurege ce da ɓera, jan biri kuma in ya gan ta sai ya ja ya ga iyakarta. Na uku, a hunturu kwana kaɗan ƙura ta rufe farantin, dole ka je sharewa, mun koma maganar Baba ta wari. A gona kusa da gida sola ta yi. A cikin daji ni ban yarda da ita ba.

Abin da nake yi yanzu, batirin nan mai murabba'i na cikin fitilar caji da fanka, 6V 4.5Ah, shi nake sakawa a robar fenti mai murfi, in tura ta cikin saiwa a gindin bishiyar in rufe da ganye, wayar in zura ta cikin tsohon tiyo in bi da ita bayan bishiya. Ba mai gani.

MaiSola_Kawo:
To ai ɗaukar wannan zuwa gida caji ma aiki ne. Kuma ƙurar da kake faɗa ba ta hana caji gaba ɗaya, ragewa take yi, kyamara kuwa ba wani ci take da shi da rana ba.

Injiniya_Panteka:
Bari in sa muku lissafi a tsakani. AA takwas masu 2000mAh, in ka buga 8 sau 1.2 sau 2, wajen 19Wh ke nan, wato jimlar wutar da suke ɗauke da ita. Na Manomi, 6 sau 4.5, 27Wh. Amma irin wannan na dalma ne, ba a son a riƙa shanye shi ƙasa da rabi in ana so ya yi ƙarko. Ke nan abin da za ka mora bai kai na AA ɗin ba ma, sai dai in an haɗa su ya ƙara maka kwanaki. Wanda ke da bambanci na gaske shi ne 12V 7Ah, irin na cikin UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, 84Wh, rabinsa ma ya ninka AA takwas. Amma sai mai kyamarar 12V, ko a sa ɗan allon da ke sauko da 12 zuwa 6 a tsakani. Kada a jona 12 kai tsaye a kafar 6.

Batirin babur kuma, tunda na san wani zai tambaya, an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan a tayar da inji, ba don a tsotse shi a hankali har ƙasa ba. Zai yi aiki, amma ba zai daɗe a raye ba. Kowanne ka sa, ka sa fis a kusa da kan batirin, musamman da yake cikin busasshen ganye za ka binne shi.

Uban_Karnuka:
Maganar busasshen ganye ta tuna mini. Duk mai kyamara a daji ya cire ta kafin a fara cinna wa daji wuta. Daga Disamba zuwa gaba ba ka san ranar da wani zai kyasta ashana don ɓera ba. Na ga wadda wuta ta bi ta kanta, ta narke ta manne da bawon bishiya, sai da wuƙa aka ɓamɓaro ta.

Malamin_Gandu:
Wannan ƙona dajin shi ne ke ƙarar da naman da kuke nema, amma bari in bar shi don kada a ce na zo wa'azi. Abu ɗaya dai, tunda kyamara tana nuna muku abin da ido ba ya gani, in kun ga mace da ɗa a hoto ku ƙyale wannan mashayar. Kuma a tuna dajin Kamuku na Birnin Gwari gandun ƙasa ne tun 1999, farauta haramun ce a ciki ko da kyamara ko babu.

Baba_SarkinBaka:
Malam, wannan ba sabon karatu ba ne a wurinmu. Tun kakanni ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa, kuma damina ta nama ce, a bar shi ya hayayyafa. Yaran yanzu ne da ba su zauna gaban manya ba suke harbin duk abin da ya motsa.

Dogarin_Zaure:
Jama'a a dawo kan batir. Amma kafin nan, tunatarwa ɗaya saboda halin da ake ciki na tsaro. Duk wanda zai ɗaura kyamara a daji ya sanar da mai unguwa da shugaban mafarautan yankin, kuma ya tsaya inda aka san shi. Na'ura a jikin bishiya ba tare da an san mai ita ba tana iya jawo wa mutum zargin da bai ji ba bai gani ba. Kada kuma a turo hoton da ke nuna ainihin wurin a nan.

Hajiya_MaiKaji:
Na dawo da ku kan batir ɗin. Ni a ganina rabin cin batirin nan daga saiti ne. Da farko bidiyon minti ɗaya na sa, kafin mako ya zagayo ta shanye. Da na mayar da shi hoto biyu kawai, da tazarar minti ɗaya kafin ta sake ɗauka, sai na manta yaushe na yi caji.

Injiniya_Panteka:
Hajiya ta taɓo inda ya fi muhimmanci, kuma kyauta ne. Bidiyon dare shi ne babban mai shan batir, domin fitilar tana kunne tun daga farkonsa har ƙarshe. In dole sai bidiyo, daƙiƙa 10 ta isa ka gane dabba. Sannan na'urar da ke tayar da kyamarar ba motsi zalla take ji ba, sauyin ɗumi take ji yana giftawa. Ciyawar da rana ta gasa, iskar hunturu na kaɗa ta, a wurinta dabba ce. Sai ka zo ka tarar da kati cike da hoton ciyawa, batir ya tafi a banza. Ka sa lauje ka share gabanta 'yan taku, ka datse reshen da ke lilo. Kuma kada ta kalli gabas ko yamma, fitowar rana da faɗuwarta suna ruɗa ta. Ta kalli arewa ko kudu.

Masu kyamara mai layin waya da ke turo hoto kuma, in sabis ba shi da ƙarfi a wurin, neman sabis ɗin kaɗai ya isa ya cinye batir. A saita ta ta riƙa turowa sau ɗaya ko biyu a rana.

Malamin_Gandu:
Ƙari a kan na Injiniya, a bazara in zafin gari ya kusa kai ɗumin jikin dabba, na'urar ba ta hango nesa kamar da. Sai mutum ya ga hotuna sun ragu da rana ya ɗora wa batir laifi. A matso da ita kusa da hanyar kawai. Kuma duk lokacin da aka canza batir a duba kwanan wata da agogo, wasu suna komawa farko in an cire musu wuta. Hoton gada da ba ka san ƙarfe nawa ta zo ba, rabin amfaninsa ya tafi.

Maharbin_Kujama:
Na dawo da rahoto. Na kai ɗaya wurin mai sikeli, giram 17 ya nuna. Mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa, mun dai rabu a kan zai karɓa ya ba ni wani kaya. Wani abokina ya ara mini nasa farare guda takwas na gwada a tsakar gida da dare. Ma'aunin bai nuna cike ba har yanzu, amma hoton ya fito, har kyanwar maƙwabta na gani a kan katanga. Na mayar da ita hoto maimakon bidiyo kamar yadda Hajiya ta ce. Saura in ga kwana nawa za ta yi a daji. Tambayata yanzu caja. Wadda na saya tare da jabun tana sa batir zafi har ba ya riƙuwa a hannu.

Ɗan_Rigasa:
Araha ba ta ado. Jefar da ita.

Injiniya_Panteka:
Ɗumi kaɗan a ƙarshen caji ba komai, amma zafin da hannu ba ya ɗauka yana nufin cajar ba ta san tsayawa ba, dafa batirin take yi. Ka nemi wadda kowane gurbi yake da fitilarsa ko ma'auninsa, tana cajin kowane batir shi kaɗai, ta tsaya in ya cika. Masu cajin biyu biyu a haɗe su ne ke cika ɗaya su bar ɗaya. Kuma ka nemi mai shan wuta ta USB. Da irin wutar da muke samu, wannan ce za ka iya jonawa a fawa banki ko sola ko ka kai shagon mai cajin waya. Mai ba da 500mA za ta cika mai 2000 cikin awa huɗu zuwa biyar. In gurbi huɗu gare ta, zubi biyu ke nan, ka lissafa da wannan kafin ranar tafiya.

Kada kuma ka gauraya. Takwas ɗin da suka fara tare su ci gaba tare. In ɗaya ya raunana a cikin jeri, shi zai fara ƙarewa, sauran su ci gaba da tura wuta ta cikinsa a juye har su kashe shi, kyamarar kuma ta mutu alhali bakwai suna da caji.

Hajiya_MaiKaji:
Ni jan farce nake ɗiga wa saiti ɗaya, ɗayan in bar shi haka. Ba sa haɗuwa ko yara sun taɓa.

Uban_Karnuka:
Kuma kada a zuba su tsirara a aljihu tare da makulli da canji. Na taɓa jin cinyata tana zafi a kan babur, ashe makulli ne ya haɗa kai da gindi. A ɗaure su da kyauro a sa a leda, ko a 'yar robarsu.

Manomin_Kajuru:
Wani abu da ba a faɗa ba, wanda ya fara da alkalin ya duba gurbin batir ɗin. In ka ga farin gari kamar kanwa a kan ƙarfen, ruwan batir ne ya zuba, kuma yana hana wuta wucewa sosai, sai ka zargi sabon batir a banza. Auduga da ɗan ruwan lemun tsami, a goge, a bari ya bushe sarai. Da damina kuma ina jefa 'yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi a ciki saboda laima. Zanzaro ma yana son ya yi gini a kafar wutar wajen in an bar ta a buɗe, a mayar da robar.

MaiSola_Kawo:
Duk wannan hidimar ta saiti biyu da jan farce da sikeli, faranti ɗaya ya raba ku da ita. Akwai masu launin ganye yanzu, ba sa ƙyalli kamar na da.

Manomin_Kajuru:
Gilashin ne ke ƙyalli ba bakinsa ba. Ka kawo ɗaya mu ɗaura a wajenmu, in ya kai sallah yana nan ni zan biya ka kuɗinsa.

Alhaji_Barnawa:
Ni dai har yanzu ina kan nawa. Ranar da kuka rasa wutar caji kwana uku za ku neme ni.

Bazazzagi_Samaru:
Injiniya, tambaya ta ƙarshe, kuma wannan karon tambaya ce ba shawara ba. Ina da batiran litiyam irin 18650 da na ciro daga tsohon batirin laftof. In na haɗa biyu a jere zan iya ba kafar 6V ɗin?

Injiniya_Panteka:
Biyu a jere 7.4V ne, in sun cika 8.4, ya yi wa kafar 6 yawa sai da allon saukarwa. Kuma dole ka sa musu allon kariya mai hana su wuce iyaka wajen caji da wajen ƙarewa, ka kuma auna kowanne tukuna, don na tsohon laftof wani ya riga ya gaji. Kada ka bar su inda rana za ta buge su. Bakin wayar ma ba iri ɗaya ba ne, wata kyamarar siriri take ci wata mai kauri, kuma sai ka duba zanen da ke gefen kafar ka ga tsakiya ce mai alamar tarawa ko waje. In za ka shigo Kaduna ka taho da kyamarar da batiran, mu sa mita a kai kafin a jona komai.

Bazazzagi_Samaru:
Sai Asabar in Allah ya kai mu. Guda shida ne, biyu sun ɗan yi tsatsa a kai.

Injiniya_Panteka:
Masu tsatsar ka ware su daban, kada ka yi musu caji kafin ka zo.